Rawani Ya Rage, Iko Ya Tafi: Labarin Mulkin Ƙauye a Sabon Birni da Isa

Da hantsi, zauren mai gari a ƙauyukan gabashin Sakkwato ba ya rasa jama'a. Ga tabarma a shimfiɗe, ga buta a gefe, takalma jere a bakin ƙofa. Mutum biyu za su shigo su durƙusa, "Ranka shi daɗe," sannan kowa ya kawo nasa. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya ci masa kuyya biyu a gona, wancan ya rantse iyaka tana nan inda kakanni suka bar ta. Mai gari ba ya buɗe wata takarda. Aikawa zai yi a kira dattijon da ya yi noma kusa da wurin tun yana saurayi, a taka har gonar, a nemo tushen gambar da aka dasa a kan iyaka, ko kututturen aduwar da kowa ya sani. Nan za a tsaya, a ja layi da ƙafa, a shafa fatiha. Kafin azahar magana ta mutu, ba a sayi fom ba, ba a ɗauki lauya ba.

A wannan zauren ake cigiyar akuyar da ta ɓata. Nan ake kai baƙo ya faɗi daga inda ya fito da wurin wanda ya sauka. Nan iyayen matar da ta yi yaji suke haɗuwa da dangin miji idan biko ya gagara. Ma'aikatan rigakafi ba sa shiga gida ko ɗaya sai sun biyo ta nan, haka masu ƙidaya, haka masu rabon taki, haka 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Ga talakan Tsamaye ko Tozai, gwamnatin da yake gani da idonsa, ta san sunansa da na mahaifinsa, ita ce wannan.

Abin takaicin shi ne, wannan mataki da ya fi kowane kusa da mutane shi ne wanda aka fi yi wa tsirara. Cikin shekaru sittin da suka wuce an zare masa kotu, an zare 'yan doka, an zare haraji, an zare ikon ƙasa. Abin da aka bar masa shi ne alhakin jama'a da hatsarin tsayawa a gabansu. Babu inda wannan ya fito fili kamar ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, tsohuwar ƙasar Gobir da ke bakin iyakar Nijar.

Tsanin da ake hawa

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau a san sunayen. A Kano ana cewa mai unguwa, dagaci, hakimi. A ƙasar Sakkwato kuwa, wanda ke riƙe da gunduma shi ne uban ƙasa, na ƙarƙashinsa mai riƙe da rukunin ƙauyuka shi ake kira hakimi, sai masu gari da masu unguwanni a ƙasa. Saman tsanin kuma Majalisar Sarkin Musulmi ce.

Gefe da wannan tsani akwai na gwamnati: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, gwamna. Sabon Birni tana da mazaɓu 11, cikinsu har da Gatawa, Kurawa, Lajinge, Makuwana, Tara, Takatsaba, Tsamaye da Unguwar Lalle. Isa tana da 10, har da Bargaja, Gebe, Tidibale, Turba, Tozai da 'Yanfako. A ƙidayar 2006, mutanen Sabon Birni sun haura dubu 200, na Isa sun haura dubu 140, kuma ɗan majalisar wakilai ɗaya ke wakiltarsu duka a Abuja. Kowace daga cikinsu faɗinta ya wuce murabba'in kilomita dubu biyu. Sakatariya ɗaya a hedikwata ba za ta iya sanin abin da ke gudana a ɗaruruwan ƙauyuka da rugage da ke warwatse a wannan fili ba. Wanda ya sani shi ne mai gari.

Ƙasar kuma mai albarka ce. Ruwan Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa, Gulbin Maraɗi yana gangarowa daga Nijar ya faɗa Rima a yankin Sabon Birni, daga nan ruwan ya nufi madatsar Goronyo. A tudu gero ne da dawa da wake, a fadama kuwa albasa, tafarnuwa, shinkafa da rogo. Inda duk aka ce fadama, to akwai rikicin iyaka, akwai batun burtali da mashaya tsakanin manomi da makiyayi. Wannan ne ya sa sarautar ƙauye a nan ba ado ba ce tun asali.

Daga Alƙalawa zuwa Sabon Birni

Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Sarkin Gobir Babari ne ya mayar da shi babban birni a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun gangaro daga arewa sun karya ƙarfin Zamfara. Daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da har yau ake ambato. Sarautar tana da tsarinta: majalisar Taran Gobir masu zaɓen sarki, da Inna, wadda ke shugabantar mata, mai faɗa a ji a fada.

Wani abin lura shi ne, rigimar da ta kai Alƙalawa ƙasa tana da alaƙa da yadda ake mulkin talaka a ƙauye. A taron idi na Magami, wajen 1788, cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gabatar wa Bawa Jan Gwarzo akwai sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Daga baya, a littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu ya soki ire-iren kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke ɗora wa jama'a. Shehu da jama'arsa sun yi hijira zuwa Gudu a 1804, an gwabza a Tafkin Kwatto da Tsuntsuwa a shekarar, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a yaƙin.

Faɗuwar birni ba ta kawo ƙarshen Gobirawa ba. Sun ci gaba da tayar da ƙayar baya har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka bi jagoransu Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bello kuma ya ɗauki dabarar ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin daga, inda ake zaunar da jama'a su yi noma su kuma tsare iyaka. Lajinge tana cikinsu, a hannun ɗansa Fodiyo, wanda mahaifiyarsa Katambale matar Yunfa ce kafin faɗuwar Alƙalawa. Isa ma ta zama irin wannan sansani a hannun gidan Bello, da sarautar Sarkin Gobir, kuma daga can Aliyu Ƙarami ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1866.

Sabon Birni ta zo daga baya. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya raba gari da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, aka yarje masa ya kafa gari kusa da tsohon kufan kakanninsa, shi ma da sarautar Sarkin Gobir. Ga garuruwa biyu maƙwabta, sunan sarauta ɗaya, asali daban: ɗaya na jikokin masu jihadi, ɗaya na jikokin waɗanda aka yi jihadin a kansu. Idan aka haɗa da Sarkin Gobir na Gwadabawa da na Tsibiri, za a ga yadda suna ɗaya ya rabu gida-gida. Duk da haka an zauna, an yi auratayya, an ci kasuwa ɗaya. Bagobiri mai zane shida da bakwai a kumatu da Bafillacen gidan Bello sun daɗe suna sallah a sahu ɗaya.

Turawa sun ja layi biyu

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun ja layi iri biyu a wannan ƙasa. Na farko shi ne iyakar da suka shata da Faransa, wadda aka daidaita a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka kuma bi ta da awo ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Gobir ɗaya ta koma biyu, wa a can, ƙane a nan, wani ma gidansa a nan gonarsa a can.

Layi na biyu shi ne na gunduma. A da, biyayya ta fi bin mutum fiye da fili. Ana iya samun ƙauyuka biyu kusa da juna, kowanne yana kai gaisuwarsa ga wani basarake daban. Turawa ba su ga yadda za su tara haraji a haka ba, sai suka dunƙule ƙauyukan da ke maƙwabtaka suka zama gunduma guda mai iyaka, aka ɗora uban ƙasa, aka ce ya zauna cikinta. Da aka kafa baitulmali wajen 1911, sai aka yanka masa albashi, ya zama ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya.

Tsofaffin da suka ga ƙarshen wannan zamani suna iya kwatanta shi daki-daki. Bayan kaka, in an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, malamin haraji zai iso da littafinsa. A shimfiɗa masa a ƙofar mai gari, a yi ta kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya. Duk namijin da ya isa, sunansa na ciki. Wanda ya biya a yaga masa rasit, ya naɗe shi ya cusa a cikin hula ko a laya, domin duk inda ya je cin rani za a iya tare shi a tambaya. Makiyayi kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. An yi zalunci a ciki, babu mai musu. An shanya mutane a rana, an sayar da akuyar gwauruwa, wasu sun tsallaka ƙasar Faransa cikin dare don gudun biya, kamar yadda na can suke tsallakowa nan gudun aikin tilas. Amma littafin nan ya sa mai gari ya san adadin mutanensa, ya san wanda ya ƙaura da wanda ya sauka, ya san kowace ruga da mai ita.

Yadda aka zare ikon

Zarewar ta zo ne sannu a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e baki ɗaya, ya kafa kansiloli, ya bar sarakuna da ba da shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba ko na layi ɗaya.

Taswirar ma ta yi ta sauyawa. Tsohuwar ƙaramar hukumar Isa ta haɗa har da Sabon Birni da Shinkafi. Daga baya Sabon Birni ta samu tata, sannan a 1996 da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Shinkafi ta tafi can. Garin da mutanen Isa ke cin kasuwarsa tun kaka da kakanni ya koma wata jiha, da wani gwamna, da wani kwamishinan 'yan sanda. Gundumomi kuma aka yi ta tsaga su, kowace gwamnati ta ƙara nata iyayen ƙasa. Rawuna suka yawaita, abin da kowane ke riƙe da shi ya ƙanƙance.

Da yawa daga cikin waɗannan gyare-gyare suna da hujja. Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da mutum ɗaya ke kamawa, ya yi shari'a, ya ɗaure. Kuskuren shi ne, an rushe tsohon gini ba a aza wani a gurbinsa ba. Mulki ya tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ita kuma kuɗinta ya daɗe yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa. Daga sakatariya zuwa ƙauye babu ofis, babu kasafi, babu rajista. Littafin haraji ya tafi, ba a kawo littafin haihuwa da mutuwa da gonaki a madadinsa ba.

Shekarar 2024 ta nuna wa kowa a hannun wa rawani yake. A watan Afrilu gwamnatin Sakkwato ta Gwamna Ahmed Aliyu ta sauke iyayen ƙasa 15, ciki har da na Unguwar Lalle, ta kuma sauya wa wasu wurin zama. A watan Yuli aka sa hannu kan gyaran dokar da ta mayar da ikon naɗa iyayen ƙasa da hakimai hannun gwamna, Majalisar Sarkin Musulmi ta tsaya ga ba da shawara. Kowa da yadda ya kalli matakin, amma talakan ƙauye, wanda za a mulka, ba shi da baki a tsohon tsarin, ba shi da shi a sabon.

Ƙetaren iyaka

Tafiyar 'yan sa'o'i daga Sabon Birni, dangin mutanen nan suna ƙarƙashin wani tsari. A Nijar doka ta amince da sarautar gargajiya a matsayin wani ɓangare na mulkin ƙasa. Magidanta ne ke zaɓen mai gari daga cikin 'yan gidan sarauta, masu gari su zaɓi sarkin kanto, wato mai riƙe da gunduma, gwamnati ta tabbatar. Mai gari yana taimakawa wajen tara kuɗin gari, kuma doka ta ba shi ikon sasanta rikicin gona da na aure kafin a je gaban alƙali. A 2010 aka ɗaga sarautar Gobir ta Tsibiri zuwa matsayin sultan. Can ma akwai siyasa da son rai, amma aƙalla aikin mai gari a rubuce yake, an san inda ya fara da inda ya tsaya.

Lokacin da daji ya shigo gari

Giɓin da aka bari a ƙauye bai zauna haka nan ba. A ƙarshen watan Mayun 2020, 'yan bindiga suka afka wa Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa a ƙasar Sabon Birni, aka yi jana'izar mutum sama da 70. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da waɗannan biyu. A watan Disamba na shekarar aka ƙona motar matafiya da suka taso daga Sabon Birni, da mutane a cikinta. Dubun dubatar mutane suka tsallaka jihar Maraɗi, yawanci yankin Gidan Runji, inda 'yan'uwansu Gobirawa suka fara karɓarsu a gidajensu tun kafin hukumomin agaji su iso.

Abin da ya fi nuna zurfin lalacewar shi ne yadda 'yan bindigar suka kwaikwayi mulkin da gwamnati ta yar. Suna ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka da kafin a yi girbi, kuma sunan da mutane ke kiran kuɗin shi ne haraji. A ƙarshen 2021 rahotanni suka bazu cewa mutanen jagoran 'yan bindiga Bello Turji sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa, duk da hukumomi sun musanta. Ka dubi halin mai gari a nan. In ya tara kuɗin don a bar mutanensa su yi noma, a ce yana haɗa baki da ɓarayi. In ya ƙi, a ƙona garin. In ya kai rahoto, labari ya riga shi komawa daji. Ba shi da ɗan doka ko ɗaya, ba shi da asusu, wani lokaci ko waya ba ta shiga.

A ƙarshen watan Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda a lokacin yake riƙe da gundumar Gatawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Ya shafe makonni a hannunsu. Duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure, dattijo mai furfura yana roƙon a cece shi. A watan Agusta aka tabbatar da rasuwarsa, aka yi masa sallah ba gawa, matasan Sabon Birni suka fito zanga-zanga. Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk wani mai gari a ƙasar Gobir ya karanta saƙon da ke cikin wannan al'amari: idan hakan ta faru da Sarkin Gobir, shi wane ne?

Littafi, asusu da baki

A Ingila, ƙasar da ta kawo mana gunduma, ƙauye bai rasa matsayinsa ba. Tun 1538 aka umarci kowace majami'ar ƙauye ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, shi ya sa mutum ke iya bin asalinsa ɗaruruwan shekaru baya. Dokar 1894 kuma ta kafa majalisun ƙauyuka da jama'a ke zaɓa. Yau akwai kusan dubu goma, kowace da magatakardanta da ɗan kasonta na haraji, tana kula da maƙabarta, filin wasa, hanyar ƙafa da zauren taro. Ikonsu kaɗan ne, amma a rubuce yake, kuma kowa na iya zuwa ya ji yadda aka kashe kuɗin.

Ba sai mun kwafi kowa ba, domin muna da zaure tun kafin su zo. Abu uku ya rasa. Na farko littafi: kowane hakimi ya samu malami mai albashi da zai rubuta haihuwa, mutuwa, baƙi, iyakokin gonaki, burtali da mashaya, a ajiye kwafi a gunduma. Na biyu asusu: wani kaso sananne daga kuɗin ƙaramar hukuma ya sauka ƙauye, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Na uku baki: majalisar gari da ta haɗa liman, arɗo, sarkin noma, wakiliyar mata da ta matasa, wadda za a ji ta bakinta kafin a naɗa ko a tuɓe mai sarauta. Tsaro shi ne kan gaba, wannan gaskiya ne. Amma soja zai kori ɗan bindiga ya wuce, wanda zai zauna ya san baƙon da ya kwana a gari shi ne mai gari.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati. Masana sun yi nasu: Murray Last ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya, Abdullahi Rafi Augi ya yi digirinsa na uku a Zariya kan Gobir da kwarin Rima. Rahotannin jami'an Turawa kan gundumomi suna ajiye a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, wasu a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma tarihin ƙauye ɗaya ɗaya, wa ya sari dajin, wa ya haƙa rijiyar farko, masu gari nawa aka yi, yana cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Yanzu da yawansu suna zaune a gidajen aro a Sabon Birni, Isa, Sakkwato ko Gidan Runji, suna ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da malaman makarantun yankin za su iya zama da su da waya da littafi tun suna raye.

Da yardar Allah za a koma waɗannan ƙauyuka wata rana. Ranar da aka koma, gonaki sun yi shekaru ba a nome su ba, gamba ta bazu ta rufe iyaka, aduwar da aka sani ta faɗi. Mutum biyu za su sake durƙusawa a zaure, kowa yana rantsuwa nan ne gonar ubansa. Mai gari zai ce a kira dattijon nan da ya san wurin. Aikinmu tun yau shi ne mu tabbatar, in an tarar ya riga mu gidan gaskiya, akwai littafin da za a buɗe.